Numfashin Liman: Abin da Jinyar Mahaifina Ta Koya Mini

 

Ya 'yan'uwa masu karanta wannan mujalla, ni ɗan'uwanku ne daga cikin Hausawan Sudan. Garinmu ƙauye ne a gaɓar Nilu Shuɗi, kogin da mu a nan muke kira Bahar kawai, kudu da birnin Sinnar, kusa da Mai Wurno. Wanda ya san tarihi ya san cewa Mai Wurno ya ci sunan Muhammadu Bello Mai Wurno ne, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya wanda ya yi shahada a Burmi a 1903. Kakanninmu wasu a ayarinsa suka zo, wasu hanyar hajji ce ta ajiye su, wasu kuma aikin madatsar ruwa ta Sinnar da aka kammala a 1925 da noman audugar Jazira suka riƙe su. Har yau da Hausa muke kwana, da ita muke tashi. Na ɗauki alƙalami ne domin in ba ku labarin ciwon da ya sami mahaifina, da tiyatar da aka yi masa, da jinyar da ta biyo baya, ko Allah Ya sa wani gida ya tsira daga kurakuran da muka yi.

Tarin da ya ƙi tafiya

Mahaifina ya yi fiye da shekara 30 yana limancin masallacin Juma'a na garinmu. Bai taɓa sa taba a bakinsa ba, ko ta hayaƙi ko ta leɓe wadda ake kira tumbak a nan. Allah Ya ba shi dogon numfashi: a sallar asuba yakan ja aya mai tsawo bai tsaya ba, har mu yara mu riƙa gwada kwaikwayonsa a bayan gida muna kasawa.

A wata damina ya fara tari. Inna ta yi abin da kowace uwa take yi, ta haɗa zuma da citta da kanumfari, ta jiƙa bagaruwa. Damina ta wuce, aka yanke dawa, tari bai tafi ba. Da muka kai shi wani ƙaramin asibiti aka ɗauki hoton ƙirji, aka ga tabo a saman huhun dama, aka ce tarin fuka ne. Gwajin kaki bai nuna ƙwayar cutar ba, amma aka ce a fara magani. Ya sha ƙwayoyin nan kullum da safe kafin ya ci komai, wata 6 cur bai tsallake rana ɗaya ba. Shi kuwa sai ramewa yake yi, rigunansa suna yi masa yawa.

Ba na ɗora wa kowa laifi, domin tarin fuka ya yi yawa a ƙasashenmu, kuma saman huhu ya fi kamawa, don haka yana da sauƙi a rikita shi da wata cuta. Laifinmu shi ne mun ga wata 2 ya wuce babu sauƙi, muka ce a bari magani ya ƙare tukuna. Wata rana ina zuba masa ruwan alwala ya yi tari a cikin hankicinsa, ya yi sauri ya naɗe. Na riga na ga jan da ke ciki. Na ce, “Baba, tun yaushe?” Ya ce, “Kada ka faɗa wa mahaifiyarka.” A daren nan na faɗa wa Yaya, babban wanmu, kuma ban taɓa yin nadamar saɓa wa wannan umarni ba.

A Madani

Muka tafi Wad Madani, babban birnin Jazira. Aka yi masa hoton na'ura mai nuna cikin ƙirji sala-sala, wanda ake kira siti, sannan aka soka allura ta tsakanin haƙarƙari aka ɗebo ɗan abin da ke cikin tabon domin a duba shi. Bayan kwana 10 likita ya kira ni da Yaya, ya ce sankarar huhu ce, wato ciwon daji, wanda wasu ke cewa kansa.

Abin da ya fara fita daga bakina shi ne, “Ai ba ya shan taba.” Likitan ya ce gaskiya ne taba ce babbar sanadin wannan cuta, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 85 cikin 100 na masu ita taba ce ta jawo musu. Amma tana kama wanda bai taɓa sha ba, kuma hayaƙin itace da gawayi da mutum ya daɗe yana shaƙa yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarinta. Na tuna wutar karatun dare, wadda makarantun allo na Sudan ke kira tugaba, da Baba ya zauna a gabanta tun yana almajiri har ya zama mai almajirai.

Sai likitan ya zana mana huhu a bayan takarda. Ya ce huhun dama kashi 3 ne, na hagu kashi 2, kowane kashi da hanyar iskarsa da jijiyoyin jininsa. Ciwon Baba yana cikin kashin sama na dama, kuma hotuna ba su nuna ya tsallaka zuwa hanta ko ƙashi ko ƙwaƙwalwa ba. Irinsa kuma ba shi ne nau'in nan mai ƙananan ƙwayoyi da ke saurin bazuwa ba. Saboda haka ana iya cire wannan kashi ɗungurungum, tare da 'yan kaluluwar da ke kewaye da shi, a bar masa sauran. Ya ce, “Ku gode wa Allah. Yawancin waɗanda ke zuwa wurinmu suna zuwa ne bayan wuƙa ta daina amfani.” Daga baya na karanta cewa wannan cuta ita ce ta fi kowace sankara kisa a duniya, inda ta kashe mutum kusan miliyan 1.8 a shekarar 2022 kaɗai, kuma rashin gano ta da wuri yana daga manyan dalilai.

Gardamar wuƙa

Da muka koma gida sai gardama ta tashi. Baffa, ƙanen Baba, ya tsaya kai da fata cewa ba za a taɓa ɗan'uwansa da wuƙa ba. Ya ce kowa ya san daji in ya ji ƙarfe fusata yake yi ya watsu, ya kuma lissafa mutanen da aka yi wa tiyata ba su yi wata 3 ba. Ya ce a tsaya ga rubutu da addu'a, a nemo mai magani daga Damazin. Inna ba ta ce komai ba, kuka kawai take yi a madafa.

Na mayar wa likita da maganar Baffa kamar yadda ya faɗe ta. Bai yi fushi ba. Ya ce mutanen da Baffa ya lissafa, mafi yawansu cutar ta riga ta bazu tun kafin a buɗe su, sai mutane suka ɗora wa wuƙa laifin jinkiri. Ya ce tiyatar tana da haɗarinta, ana iya zubar da jini, ana iya kamuwa da ciwon huhu bayanta, kuma akan rasa rai, amma ga mai ciwo irin na Baba ita ce babbar hanyar da ake sa ran warkewa ta cikinta. Aikin kuma ba sabo ba ne. Tun a 1933 wani likita a Amurka, Evarts Graham, ya cire wa wani mai wannan cuta huhu guda sukutum, mutumin ya rayu shekaru masu yawa, har ya riski mutuwar likitan nasa a 1957.

Baba ya saurari kowa. Ya yi istihara, washegari bayan sallar asuba ya tara mu a zaure. Ya dubi Baffa ya ce, “Ƙanena, na ji tsoronka, kuma na san ƙauna ce. Amma shekara nawa ina gaya wa mutane a kan mumbari cewa neman magani ba ya warware tawakkali? In na ƙi yau, me zan ce da su gobe? Za a yi rubutu, za a yi addu'a, za a kuma yi aikin. Jikin nan amana ne, ba nawa ba ne.” Baffa ya sunkuyar da kai, ya ce, “Allah Ya sa haka ne mafi alheri, Yaya.” Shi ne kuma ya fara sayar da sansa.

Shekarar 2018 shekarar tsada ce a Sudan, ga layin mai, ga ƙarancin tsabar kuɗi a bankuna. Jama'ar gari suka yi abin da a nan ake kira nafir, wato gayya. Aka shimfiɗa mayafi a ƙofar masallaci bayan Juma'a, mata suka aiko da kuɗin adashinsu, 'yan'uwa da ke Makka da Jidda suka turo nasu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kwana 8 a Hartum

A watan Afrilu na 2018 aka kwantar da shi a wani asibiti a Hartum, tafiyar kimanin kilomita 300 daga gida. Kafin aikin an sa shi ya hura wata na'ura da iyakar ƙarfinsa, domin a auna ko huhun da zai rage zai ishe shi, an kuma duba zuciyarsa. Wani mutum da ke gadon kusa da shi an ɗage nasa aikin saboda bai bar sigari ba, domin ana so mai shan taba ya daina aƙalla mako 4 kafin a shiga da shi.

Aikin ya ɗauki kusan awa 4. An tsaga gefen ƙirjinsa daga ƙarƙashin allon kafaɗa zuwa gaba, aka buɗa tsakanin haƙarƙari. A manyan asibitocin duniya, tun farkon shekarun 1990, ana yin irin wannan aiki ta 'yan ƙananan ƙofofi da kyamara, abin da ke rage zafi da kwanakin asibiti, amma Baba ta babbar tsaga aka yi masa. Da likitan fiɗa ya fito ya ce an gama lafiya, na yi sujada a kan simintin baranda, ina zaton wahala ta ƙare. Sai wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa, ta ce da ni, “Ɗana, likita ya gama nasa. Naku yanzu ya fara.”

Baba ya farka da tiyo a tsakanin haƙarƙarinsa, wanda ya gangara zuwa wata kwalba mai ruwa a ƙasan gado. Aikin tiyon shi ne fitar da iska da jini da suka taru, domin huhun da ya rage ya buɗe ya cike gurbin. In ya yi tari sai ruwan ya yi ƙumfa. Dattijuwar ta gargaɗe ni cewa kada kwalbar ta taɓa hawa sama da ƙirjinsa, kada ta kife, kada tiyon ya lanƙwashe. Washegarin aikin ta ce a tashe shi ya taka. Na ce, “Mutumin da aka tsaga jiya?” Ta ce kwanciya ita ce abokiyar gabarsa, domin tana tara majina a huhu, tana kuma daskarar da jini a jijiyoyin ƙafa. Haka muka riƙa zagaya ɗakin, shi yana dafe da kafaɗar Yaya, ni ina biye a duƙe riƙe da kwalba kamar mai ɗauke da fitila.

Babbar matsalarmu ta farko ita ce maganin zafi. Baba ya ji an ce allurar tana sa maye, sai ya ƙi ta, ya ce zai yi haƙuri. Ya kwana yana numfashi sama-sama, ya kasa tari. Da safe dattijuwar ta zauna kusa da shi ta ce, “Malam, ba don jin daɗi ake ba ka ba. In zafi ya hana ka tari, majina za ta toshe huhun da ya rage maka.” Ya yi shiru, sannan ya ce lalura tana da hukuncinta, a kawo. Ta koya masa ya rungume matashi a kan ɗinkin in zai yi tari, ta kuma ba shi wata 'yar na'ura ta roba mai ƙwallaye 3, ya riƙa zuƙar iska har su tashi, sau 10 a kowace awa in yana farke. Ran farko ko ɗaya bai ɗaga ba. A kwana na 5 aka cire tiyon, a na 8 aka sallame mu.

Ƙaunar da ta kusa cutar da shi

A nan ne muka yi kuskure mafi girma, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Mun iso gida gari ya cika, daga Mai Wurno, daga Sinnar, daga ƙauyukan Jazira har Managil. Liman ya dawo, wa zai ƙi zuwa dubiya? Muka sa shi a ɗakinsa, muka rufe taga wai kada iska ta buge shi. Inna ta sa turaren wuta don girmama baƙi, ga mangal na gawayi a bakin ƙofa ana dafa jabana, wato gahawa. Mutum 20 a ɗaki ɗaya, wani na mura, wani na tari, kowa sai ya yi musafaha, kowa sai ya yi doguwar addu'a. Baba kuwa ba ya iya karɓar gaisuwar dattijo a kwance, sai ya tashi zaune, ya amsa, ya tambayi iyali. Na'urar ƙwallaye tana kan taga ta yi ƙura. Tafiyar da aka ce ya riƙa yi ta tsaya, domin ba a barin baƙo a fita yawo.

A dare na 10 jikinsa ya yi zafi rau, numfashi ya yi gajere, kakin ya koma ruwan ɗorawa. Muka nemi mota cikin dare zuwa Sinnar. Aka ce huhun ya kamu da ciwon sanyi mai tsanani, aka yi kwana 6 ana yi masa allurai da ƙarin iska. A bakin gadon nan na gane cewa da hannunmu muka kusa rushe abin da aka sayar da sa aka gina.

Da muka dawo na ce ba mai shiga sai da ƙa'ida. Nan na sha magana. Aka ce yaron ya yi boko ya raina mutane, aka ce wane ne shi da zai tsaya tsakanin liman da jama'arsa. Wani aminin Baba, wanda ya yi mini huɗuba ran da aka haife ni, ya juya daga ƙofa bai amsa sallamata ba, kuma abin ya daɗe yana cina. Baba ne ya raba gardamar. Ya sa na'ibinsa ya sanar a masallaci cewa dubiya bayan la'asar ce, a waje ƙarƙashin rumfa, kuma ya tuna wa mutane abin da malamai suka faɗa a ladubban gaida mara lafiya, cewa a taƙaita zama, a yi addu'a, a tashi. Mai mura ya aiko da gaisuwa, ladansa na nan. Wanda ya zauna a bakin ƙofa yana tsare wannan doka kuwa shi ne Baffa, da carbinsa, kuma babu wanda ya iya ce masa ya raina mutane.

Muka fitar da turare da mangal daga sashensa, muka buɗe tagogi, aka mayar da girki can ƙarshen gida. Muka tada kan angarib ɗinsa, wato gadon igiya, da matasai, domin ya fi samun numfashi a jingine. Abinci kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6 a yini: ƙwai, nono, wake, miyar adas, da karfasa daga Bahar, saboda rauni ba ya haɗewa sai da abinci mai gina jiki. Aka hana shi ɗaukar abu mai nauyi har mako 6, ko da butar ƙarfe cike da ruwa. Kafaɗarsa ta dama ta so ta sandare, sai muka ce ya riƙa ɗaga hannu kamar mai kabbara, yana ƙara sama kullum. Tafiya kuwa muka mayar da ita wuridi: yau zuwa zaure, gobe zuwa bishiyar darbejiya, bayan mako 2 zuwa ƙofar masallaci, bayan wata guda har bakin ruwa. Na rubuta alamomin haɗari na manna a bango domin duk wanda ke kwana da shi ya sani: zazzaɓi, ƙaruwar haki, ruwa ko mugunya daga ɗinki, kumburin ƙafa ɗaya, jini mai yawa a tari. Muka kuma raba kwana tsakaninmu, domin mun lura Inna ta kusa faɗuwa, ita da ba ta taɓa cewa ta gaji ba.

Sauƙin da ya karantar

Wani abin da ban zata ba shi ne yadda rangwamen shari'a ya yi wa Baba nauyi. Mutumin da ya karantar da Ahalari da Risala shekara da shekaru, ya bayyana wa ɗaruruwan almajirai hukuncin sallar mara lafiya da taimama da shafa a kan ɗauri, sai ga shi yana ƙoƙarin yin sujada da ɗinki ɗanye har gumi ya keto masa. Na ce, “Baba, ba ku ne kuka koya mana cewa wanda ya kasa tsayuwa ya zauna, wanda ya kasa sujada ya yi nuni ba?” Ya yi murmushi ya ce, “Na karantar da babin, amma ban taɓa zaton da ni ake ba.” Daga ranar ya riƙa salla a zaune har ƙarfinsa ya dawo.

Sakamakon binciken abin da aka cire ya nuna cutar ta taɓa ɗaya daga cikin kaluluwar da ke kusa, don haka aka ce sai ya ƙara da maganin da a nan ake kira kimawi, wanda ake sawa ta jijiya domin ya kashe ƙwayoyin da ido bai gani ba. Sau 4 aka yi masa, tsakanin kowane biyu mako 3, a Cibiyar Sankara ta Ƙasa da ke ƙarƙashin Jami'ar Jazira a Madani. Ya sha amai da kasala, abinci ya daina yi masa ɗanɗano. Azumin 1439 ya kama a tsakiyar Mayu, cikin tsananin zafi, likita ya ce maganin yana bukatar ruwa da yawa domin kare ƙoda. Wannan karon Baba bai yi gardama ba. Ya sha azumin, ya rama shi da sanyin hunturu, kuma ya faɗa wa mutane a fili domin kada wani mara lafiya ya ji kunyar yin haka.

Wajen wata 6 bayan aikin ya shiga gaba a sallar magariba. Ya karanta gajerun surori, yana tsayawa a wuraren da da can yake wucewa. Na ji muryarsa ta yi rauni, na ji kuma sahu ya yi tsit, wasu dattawa suna share hawaye. Dogon numfashin nan bai dawo ba har yau. Ya koma ya bi Alƙur'ani yana lura da wuraren tsayawa da suka dace da sabon ƙirjinsa, ya bar wa na'ibi huɗubar Juma'a da tarawihi, shi ya riƙe magariba da karatun zaure. Gefen ɗinkin yakan yi masa tsami lokacin sanyi, an ce jijiyoyin da ke bin haƙarƙari ne, kuma haka yake ga mutane da yawa.

Jakar takardu

Mai wannan cuta ba a sallamarsa da tiyata. Ana maimaita hoto duk wata 6 a shekarun farko, daga baya shekara-shekara, domin in ta dawo a tare ta da wuri. Hoton shekara ta 5 ya faɗo daidai da yaƙin da ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilu, 2023. Babban asibitin sankara na Hartum, wanda aka buɗe tun 1967, ya daina aiki, marasa lafiya suka kwararo Madani. Da muka je, na ga mutane kwance a baranda da ƙarƙashin itatuwa, da yawansu sun gudo ba takarda ko ɗaya, ba su san sunan maganin da ake ba su ba, ba su san sau nawa ya rage ba. Mu kuwa duk takardun Baba da hotunansa suna cikin wata jakar leda da Inna ta ɗinka wa riga da atamfa. Likita ya gwada sabon hoto da tsoho, ya ce babu alamar komai. A Disamba na wannan shekara yaƙin ya ci Madani, masu jinya suka sake watsewa zuwa Gadarif da Kasala da Bur Sudan, wasu har Masar, kafin sojoji su karɓe birnin a Janairun 2025. Har yau ina tuna fuskokin da muka bari a layi, ina roƙa musu rahamar Allah, rayayyu da matattu.

Ya ɗan'uwa mai karatu, ko kana Maraɗi ko Damagaram, ko Kano ko wata ƙasa mai nisa, ga abin da zan bar maka. Tarin da ya wuce mako 3, ko jini a kaki, ko ramewa ba dalili, ko dushewar murya da ta ƙi tafiya, a kai shi asibiti, ko da mutum bai taɓa shan taba ba. In an ba da maganin tarin fuka aka yi wata 2 babu sauƙi, kada a daina sha da ka, amma a koma a ce a sake dubawa. Mai shan sigari ko shisha ya bari tun yau, mata kuma a fitar musu da murhu inda iska ke wucewa. In likita ya ce ana iya tiyata, a yi istihara a yi shawara, amma kada a ɓata watanni. In kuma an dawo gida, a sani jinya ilimi ce: a tambayi ma'aikatan asibiti, a rubuta abin da suka ce, a adana takardu, a samu dattijon da zai tsare ƙofa. Mu masu zuwa dubiya kuma mu riƙa tambayar masu gida abin da ya fi amfani, domin wani lokaci ƙwarya ɗaya ta nono, ko kwana ɗaya da za ka karɓi mai jinya ta samu barci, ya fi zaman awa 3 a gaban mara lafiya.

Mahaifina yana nan da ransa, ya tsufa, yana tafiya a hankali. Da na gaya masa zan rubuta wannan, sai ya ce in isar da gaisuwarsa, in kuma roƙa masa addu'ar cikawa da imani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da likitoci da alheri, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da Sudan da sauran ƙasashen Musulmi lafiya. Amin.